Zaɓen Murhun Ɗumama Ɗaki a Unguwannin da Aka Hana Hayaƙi a Ingila

A ƙasar Ingila akwai garuruwa da unguwanni inda doka ta hana hayaƙi ya fita ta bututun gida. Yawancin birnin Landan haka yake, da manyan garuruwa irin su Manchesta da Bamingham. Duk wanda ya zauna a irin wannan wuri dokar ta hau kansa, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, ko gidan nasa ne ko haya yake yi. Murhun da ake magana a kansa a nan ba na girki ba ne. Wani akwati ne na ƙarfe mai ƙofar gilashi, wanda ake kafawa a ɗaki domin jin ɗumi lokacin sanyi, a haɗa shi da bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. Akwai mai cin itace kaɗai, akwai kuma mai cin itace da kwal, kuma wannan na biyun shi ne mutane suka fi ruɗewa wajen sayensa.

Mafarin dokar

Daga ran 5 zuwa ran 9 ga watan Disamba na 1952 wani irin hazo ya rufe Landan. Sanyi ya tsananta, kowane gida ya hura kwal, iska kuwa ta tsaya cik, sai hayaƙin ya rasa hanyar tashi sama, ya gauraya da hazo ya kwanta a kan birnin. Motocin haya suka daina tafiya, gama direba ba ya ganin gabansa. Har shanun da aka kawo wurin nunin dabbobi numfashi ya gagari waɗansunsu. Lissafin farko ya nuna mutum wajen 4,000 suka rasu, amma binciken da aka yi daga baya ya kai adadin wajen 12,000, yawancinsu tsofaffi da masu ciwon ƙirji.

Gwamnati ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Sir Hugh Beaver, ya kawo rahotonsa a 1954, sa'an nan a 1956 majalisa ta zartar da Dokar Tsabtace Iska. Wannan doka ita ta ba hukumar kowane gari ikon keɓe unguwa ta ce ba a yarda da hayaƙi a cikinta ba. Ba a bar talaka da nauyin shi kaɗai ba, an riƙa biyan mai gida kashi 70 cikin ɗari na kuɗin gyara murhunsa. An ƙara wa dokar ƙarfi a 1968, aka tattara ta wuri ɗaya a 1993. Tun daga watan Mayu na 2022 kuma, hukumar gari tana da ikon cin tarar fam 175 zuwa fam 300 a kan gidan da hayaƙi ya fito ta bututunsa. Wanda ya sayi makamashin da ba a yarda da shi ba domin ya ƙona a murhun da ba shi da izini, tararsa tana iya kaiwa fam 1,000.

Saboda haka abu na fari, tun kafin a je kanti, shi ne a tambayi ofishin hukumar gari ko gidan yana cikin wurin da aka keɓe. Kada a dogara da maganar maƙwabci, domin wani lokaci iyakar takan bi ta tsakiyar titi ne.

Hanya biyu da doka ta bari

Mutumin da ke zaune a wurin da aka keɓe yana da hanya biyu. Ta ɗaya, ya ƙona makamashin da aka tabbatar ba ya hayaƙi, kamar kwal mai tauri da ake kira antarasait, ko dunƙulen kwal na masana'anta wanda sunansa ke cikin jerin gwamnati. Irin wannan ana iya ƙona shi a kowane murhun da aka yi domin kwal. Ta biyu, idan itace yake so, to tilas murhun kansa ya zama an gwada shi an ba shi izini. Ma'aikatar da ke lura da muhalli da abinci da al'amuran karkara, wadda ake kira DEFRA, ita ke riƙe da jerin waɗannan murahu, kuma kowa yana iya duba shi a intanet kyauta. Sikotilan da Wales da Ailan ta Arewa kowace tana da nata tsarin, sai a duba na inda ake zaune.

A nan ne mutane da yawa sukan yi kuskure. Izinin da aka ba murhu yana tafe ne da irin makamashin da aka gwada shi da shi, kuma an rubuta wannan a gaban sunansa a cikin jerin. Murhun da aka ce yana cin makamashi iri iri, ba a ce yana cin kome da kome ba. Ba a sa masa katakon da aka shafa wa fenti ko magani, ba a sa guntayen kujeru, balle roba ko shara. Kwal ɗin gida na dā, mai baƙin hayaƙi, an hana sayar da shi a buhu tun ran 1 ga Mayu 2021, aka kuma hana sayar da shi ga gidaje ɗungum a Ingila daga Mayu 2023.

Tambarin da za a duba

Tambari biyu ne suka fi muhimmanci, kuma ba ɗaya suke ba. Na farko shi ne Ecodesign. Tun ran 1 ga Janairu 2022 ba a yarda a shigo da sabon murhu kasuwa ba sai ya cika wannan ƙa'ida, wadda ta ƙayyade ƙurar hayaƙi da iskar guba da murhu zai fitar, da kuma yawan zafin da zai ba ɗaki. Na biyu shi ne izinin DEFRA. Murhu yana iya samun na farko ya rasa na biyu, kuma mai shi ya ƙona itace a unguwar da aka keɓe ya karya doka. Masu sana'ar sun fito da wani tambari a 2020 mai suna clearSkies, mai hawa hawa. Murhun da ya kai hawa na 3 ko sama ya haɗa duka biyun.

Tsohon murhu da ake sayarwa hannu da hannu ba a hana shi ba, kuma yana da sauƙin kuɗi. Amma araha ba ta ado. Galibi ba ya cikin jerin, yana kuma cin itace fiye da sabo nesa ba kusa ba.

Abin da ke sa murhu ya rage hayaƙi

Hayaƙi ba wani abu ba ne illa makamashin da bai ƙone ba. Idan itace ya yi zafi yakan saki tururi mai maiƙo, kuma mafi yawan zafin itacen yana cikin wannan tururi ne. A buɗaɗɗiyar wuta tururin yakan tsere ta bututu tun bai kama ba, ya zama hayaƙi a waje, ya zama kunkunniya da kwalta a ciki. Maƙeran murhun zamani dabararsu ita ce su tsare tururin nan a wuri mai zafi, su ba shi iska, har ya ci wuta.

Don haka mai saye ya buɗe ƙofar murhun ya leƙa. Zai ga an jera tubali mai riƙe zafi a bango da gefuna. Zai ga wani faranti a sama wanda ke tare harshen wuta ya juyo da shi gaba kafin ya sami hanyar bututu. A bangon baya akwai jerin ƙananan huji, ta nan iska mai zafi ke shigowa ta sadu da tururin, sai a ga ƙananan harsunan wuta suna rawa a sama da itacen, ba su taɓa shi ba. Wata iskar kuma tana gangarowa ta fuskar gilashi domin kada ya yi baƙi. Murhu mai kyau yakan ba ɗaki kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na zafin makamashinsa, alhali buɗaɗɗiyar wuta mafi yawan nata zafin sama yake tafiya.

Murhun da ke da izinin DEFRA yana da wani abu kuma. An sa wa maƙullin iskarsa ɗan ƙarfe wanda ke hana a rufe shi ruf. Waɗansu sukan ga kamar aibi ne, har su nemi a cire musu shi domin wuta ta kwana. Cire shi ya soke izinin ke nan. Wutar da aka shaƙe ta kwana tana cin ciki ita ce ta fi kowace hayaƙi, ita ce kuma ke tara kwaltar da kan kama wuta a cikin bututu.

Bambancin itace da kwal yana wajen iska. Itace ya fi son ya zauna a kan toka, iska ta zo masa daga sama. Kwal kuwa sai iska ta shigo masa daga ƙasa, in ba haka ba ya mutu. Shi ya sa murhu mai cin duka biyun yake da rariyar ƙarfe a ƙasa wadda ake girgizawa toka ta zuba, da tiren kwashe toka, da maƙullin iska guda biyu. Ran da za a ƙona itace sai a rufe na ƙasa bayan wuta ta kama, ran kwal a buɗe shi. Tokar kwal kada a bari ta taru har ta taɓa rariyar, gama iskar da ke bi ta ƙasa ita ke sanyaya ta, in ta toshe sai ƙarfen ya lanƙwashe. Kada kuma a haɗa itace da kwal a wuta ɗaya. Kwal yana da farar wuta, itace yana da danshi, in suka gamu a bututu sukan zama ruwa mai cin ƙarfe. Wanda ya san itace kaɗai zai riƙa ƙonawa, gara ya sayi murhun itace zalla, ya fi ƙona shi da kyau.

Girman murhu

Ana auna ƙarfin murhu da kilowat. Masu sana'ar suna da wani lissafi mai sauƙi: a auna tsawon ɗaki da faɗinsa da tsayinsa da mita, a ninka su, a raba da 14. Ɗaki mai mita 5 da mita 4 da mita 2.5 ya ba da 50, in an raba da 14 ya zama wajen kilowat uku da rabi. Murhu mai kilowat 4 ya ishe shi. Sabon gini da ba ya zubar da zafi ma bai kai buƙatar haka ba, tsohon gida mai manyan tagogi kuwa yana iya neman ƙari.

Ido yakan ja mutum zuwa babban murhu, ya ce gara ya yi yawa da ya kasa. Wannan shawara ba ta da kyau. Babban murhu a ƙaramin ɗaki yakan kori mutane da zafi, sai a rage masa iska, sai ya koma yin hayaƙin da aka saye shi domin a guje wa. Ƙaramin murhu da ke ci da ƙarfinsa ya fi tsabta. Bayan haka, dokar gini ta ce murhun da ya wuce kilowat 5 sai an huda masa kafar iska a bango, a sababbin gidaje masu rufewa gam kuwa ko ƙarami ne sai an huda. Batun ko na zubin ƙarfe za a saya ko na fallen ƙarfe, wannan son rai ne: na zubi yana jinkirin ɗaukar zafi ya daɗe da shi, na falle yana saurin ɗauka ya saurin saki.

Kafawa da itacen da za a ƙona

Kafa murhu aiki ne da dokar gini ta shafa. Ko dai a ɗauki ma'aikacin da ke da rajista da ƙungiya irin ta HETAS, wanda zai ba da takardar shaida, ko kuwa a sanar da ofishin gini na hukumar gari su zo su duba. A adana takardar, domin kamfanin inshora da mai sayen gida nan gaba duk za su tambaye ta. Ɗan haya kuwa ba ya taɓa bututu sai da yardar mai gida. Tun watan Oktoba na 2010 tilas ne a kafa ƙararrawar gargaɗi a ɗakin da aka sa sabon murhu, saboda iskar gubar nan da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. A share bututu aƙalla sau ɗaya a shekara, mai ƙona itace ya yi sau biyu.

Murhu kome kyansa, ɗanyen itace yana ɓata shi. Itacen da aka sare yanzu rabinsa ruwa ne ko fiye, wutar takan ƙare ƙarfinta wajen busar da shi. Abin da ake nema shi ne danshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Tun Mayu 2021 duk itacen da ake sayarwa a ƙaramin awo a Ingila tilas ya zama busasshe, da tambarin Ready to Burn a jikin buhunsa, watau ya isa ƙonawa. Mai tara nasa ya faskara shi, ya jera a inda iska ke ratsawa ruwa ba ya duka, itace mai tauri har shekara biyu. Akwai ɗan abin awon danshi mai tsinke biyu, a faskara gungume a soka shi a sabuwar fuskar.

Wanda bai kamata ya saya ba

Kalmar rage hayaƙi kada ta yaudari kowa. Ƙurar da ta fi cutarwa ido ba ya ganinta, tana shiga can cikin huhu har ta kai ga jini, tana tayar da fuka da ciwon zuciya. Babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya kawo awo a rahotonsa na 2022. A kan zafi daidai wa daida, buɗaɗɗiyar wuta tana fitar da giram 2,950 na wannan ƙura, tsohon murhu 2,660, murhun zamani mai izini 335, tukunyar gas kuwa ba ta kai giram ɗaya ba. Ashe wanda ya bar buɗaɗɗiyar wuta ya koma sabon murhu ya rage ƙurarsa kusan sau tara, amma wanda gidansa ke da gas ya ƙara murhu domin sha'awar ganin wuta, ya ninka tasa fiye da sau 450. Wani ɓangaren ƙurar ma a cikin ɗakin yake zama duk lokacin da aka buɗe ƙofa za a ƙara itace. Gidan da ke da jariri, ko mace mai ciki, ko tsoho, ko mai fuka, in yana da wata hanyar ɗumama ɗaki, ya fi kyau ya tsaya a kanta. A 2023 gwamnati ta bayyana niyyarta ta rage iyakar hayaƙin sababbin murahu a wuraren da aka keɓe daga giram 5 zuwa giram 3 a awa ɗaya, don haka mai saye ya nemi a nuna masa takardar gwajin murhun, ya ga adadin da aka rubuta a ciki.