Baki da Hannu: Yadda Ƙananan Yara Ke Koyon Harsuna Biyu

Gabatarwa

Iyaye da yawa na fargabar cewa harsuna biyu za su rikita yaro, musamman in ɗaya na hannu ne, har wasu kan hana ɗansu kurma yin ishara don kada ya ƙi buɗe baki. Wannan maƙala ta duba ko fargabar tana da tushe.

Gwarancin Hannu

A 1991, Laura-Ann Petitto da Paula Marentette sun nuna cewa jarirai kurame da suka tashi a hannun iyaye masu maganar hannu sukan yi gwaranci da yatsunsu. Sukan maimaita siffa da motsi iri ɗaya, kamar yadda jariri mai ji ke maimaita “ba-ba-ba”. Ke nan abin da ƙwaƙwalwar jariri ke bi shi ne tsarin gaɓoɓi, ko ta kunne ya shigo ko ta ido.

Harsuna Biyu a Lokaci Guda

A 2001, Petitto da abokan aikinta sun kwatanta rukuni biyu na yara a Kanada: masu koyon Faransanci da Ingilishi, da kuma masu ji, ’ya’yan kurame, da ke koyon Faransanci da maganar hannu ta Kebek. Dukkansu sun furta kalmar farko, sun kuma fara haɗa kalmomi biyu a daidai lokacin da ake tsammani ga mai harshe ɗaya. ’Ya’yan kuramen sukan gwama furuci da ishara lokaci guda, amma suna la’akari da harshen wanda ke gabansu. Wannan alama ce ta rarrabewa, ba ta ruɗewa ba.

Ƙasar Hausa

Constanze Schmaling ta siffanta Maganar Hannu ta Kano a littafinta na 2000, ta nuna harshe ne mai tsarin kansa. Sai dai makarantun kurame sun fi amfani da isharar da ta samo asali daga Amurka, wadda Andrew Foster ya shigo da ita Ibadan a 1960. Don haka yaro kurma Bahaushe kan fuskanci harsunan hannu biyu, ga kuma rubutun Hausa da Ingilishi.

Kammalawa

Yawancin kurame ’ya’yan masu ji ne. Haɗarin da ke kansu shi ne su wuce shekarun farko ba su sami harshe ko ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a fara yi wa yaro ishara da zarar an gane ba ya ji.