Shayin La'asar: Daga Ina Ya Zo Mana, Kuma Gaskiya Ne Yana Shanye Jini?

 

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu ɗan asalin Maigatari da ke aiki a Legas. Ya ce ya zo gida hutun Babbar Sallah, ya yi mako uku, kuma duk abin da ya gani, har da hawan sallar Gumel, babu wanda ya tsaya masa a rai kamar zaman shayin da suke yi da abokan ƙuruciyarsa kullum bayan la'asar. Tun da ya koma ya sayi buta da ganye yana dafawa, amma ya kasa samun wancan ɗanɗano. Ga shi kuma hankalin maiɗakinsa ya tashi, don an ce mata wai shayi yana shanye jini, alhali tana da juna biyu, kuma takan taya shi sha. Shi ne yake tambaya: daga ina shayi ya zo mana? Me ya sa na gida ya fi daɗi? Shin gaskiya ne yana cutarwa?

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya sauki maiɗakinka lafiya. Bari mu bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Asalin shayi dai ƙasar Sin ne. Ganyen wani ɗan itace ne da ke son tudu mai sanyi da ruwan sama mai yawa, shi ya sa ba za ka gan shi a gonakin Gagarawa ko Sule Tankarkar ba, inda gero da riɗi da zoɓo suke sarauta. Koren ganye da baƙin ganye duk itace ɗaya ne. Bambancin a wajen sarrafawa yake: kore ana gasa shi ko a turara shi da zarar an tsinko, shi kuwa baƙi sai a murje shi a bar shi ya sha iska har ya yi duhu, kafin a busar.

Ko sunan kansa ma yana nuna hanyar da ya biyo. Yawancin mutanen Sin "ca" suke ce masa. Waɗanda suka karɓe shi ta tudu, irin su Larabawa, sai suka ce "shayi", mu kuma muka ara daga Larabci. Amma a gaɓar tekun lardin Fujiyan "te" ake ce masa, can ne 'yan kasuwar Holan suka ɗauki sunan suka kai Turai, har Ingilishi suka ce "ti". Ka ga ke nan Bahaushe ya haɗa duka biyun, don har yanzu za ka ji dattijo ya ce a sayo masa ti da burodi.

Haka shi ma shan nasa ta ƙofa biyu ya shigo mana. Ƙofar farko ita ce ta Sahara. Koren ganye ya fara shiga fadar sarakunan Maroko tun ƙarni na 18, sa'an nan ya bazu cikin talakawa a tsakiyar ƙarni na 19. Masana tarihi sukan danganta wannan da Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, wanda ya toshe wa 'yan kasuwar Ingila wasu kasuwanninsu, suka karkatar da kayansu zuwa tashoshin jiragen ruwan Maroko. Daga can fatake suka ratsa hamada da shi, Buzaye suka karɓa suka mai da shi abin tarbar baƙo. Wannan shi ne shayin 'yar ƙaramar buta da gawayi da 'yan ƙananan kofuna, wanda muke ce wa shayin Buzaye. Ba mamaki ku mutanen Maigatari ku ƙware a kansa, tun da kowace Alhamis kasuwarku cike take da masu raƙuma da shanu daga Dungas, Magarya da Damagaram, kuma ba a rasa mai 'yar butarsa a cikin jaka.

Ƙofa ta biyu kuwa ita ce ta Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka zo da baƙin ganye da madara da sukari. Su ma suna da al'adar shayin yamma, wadda ake cewa matar wani basaraken Bedford, mai suna Ana, ita ta yayata ta wajen shekarar 1840, saboda yunwar da ke kama ta tsakanin abincin rana da na dare. Wannan shayi ne ya haifi teburin mai shayi da muke gani a tasha da bakin kasuwa, inda mai kuɗi zai ce a yi masa haɗin kauri, wanda aljihunsa ya yi sanyi kuma ya ce a ba shi ruwan bunu. A yau Sin ce kan gaba wajen noman shayi, Indiya na bi mata, Kenya kuwa, inda aka fara dasa shi a 1903, ita ce babbar mai fitar da baƙin ganye. Mu ma a Nijeriya ana noma shi a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda ake yin Highland Tea.

Sai tambayarka ta biyu. Akwai dalilin buta, akwai kuma dalilin zuci. Shayin Buzaye ba ya son gaggawa. Ana fara ɗauraye ganyen da ɗan ruwan zafi a zubar, sa'an nan a ɗora a kan garwashi ya dahu a hankali. Idan ka ɗora shi a kan gas wuta na ci bal-bal, ɗaci kawai za ka samu. Bayan an sa sukari sai a yi ta juya shi daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, ana ɗaga hannu sama. Wannan ba burga ba ce kawai, shi ke narkar da sukarin, ya rage zafin, ya kuma kawo kumfa. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku: na farko ɗaci da ƙarfi, na biyu tsaka-tsaki, a nan wasu ke jefa na'ana'a ko kanumfari, na uku kuwa zaƙi ne, har yaro ma a kan sam masa.

To, lissafa ka gani. Kafin a gama dahuwa uku an ci sa'a guda, wani lokaci biyu, watau daga la'asar sakaliya har a fara shirin magariba. A cikin wannan lokaci ne ake jin wanda ya yi aure, wanda aka yi wa rasuwa, farashin buhun gero, da wanda ke kwance ba lafiya a je a gaishe shi. Wani ya kawo ganye, wani sukari, wani gawayi, mai dafawa kuma ya fara miƙa wa babba ko baƙo. Kai da ka zo hutu, ba agogon ofis a kanka, kuma kai ne baƙon da ake fara miƙa wa. Wannan ɗanɗano ba a sayar da shi a kwali. Maƙwabtanmu na Nijar "fada" suke kiran irin wannan zama, wanda ya yi tashe a Damagaram tun farkon shekarun 1990, mu kuma mukan ce majalisa. Shawarata, nemi 'yan uwanka na ƙasar Gumel da ke Agege ko Idi-Araba, ku sa rana ɗaya a mako. Zumunta a ƙafa take.

Yanzu ga babbar magana. Shayi ba ya shan jinin da ke jikin mutum, amma maganar da aka gaya wa maiɗakinka ba ta rasa tushe ba. A cikin ganyen akwai wani sinadari mai bauri da ake kira tanin. Idan aka sha shayi tare da abinci, wannan sinadari yakan riƙe sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci irin su wake, gero, zogale da alayyafo, ya rage yadda hanji ke tsotsarsa, alhali da shi jiki ke ƙera jini. Ga namiji lafiyayye mai samun nama, abin bai cika damuwa ba. Amma mai juna biyu, da ƙananan yara, da wanda likita ya ce jininsa ya yi ƙasa, sai su kiyaye. Dabarar mai sauƙi ce: a bar tazarar aƙalla sa'a guda tsakanin abinci da shayi, kuma kada ta haɗiyi ƙwayar ƙarin jinin da ake ba ta wajen awo da shayi, ta sha da ruwa. Kazalika shayi na da kafin, sinadarin da ke kore barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai cikin da ke shan fiye da miligiram 300 a rana ta rage. Kofin shayi na yau da kullum yana da wajen 40 zuwa 50, amma dahuwar farko ta Buzaye ta fi haka kauri. Saboda haka ta bar maka ta farko, in ta so ta ɗan kurɓi ta uku, ta kuma gaya wa ma'aikatan awo.

Kai ma, Malam, akwai naka. A 2015 wannan hukuma ta ce kada sukarin da baligi ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, in da hali ma rabin haka. Ka lura da abin da ake zuba wa buta guda, ka yi wa kanka hisabi, musamman in akwai ciwon sukari a danginku. Bugu da ƙari, a 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta yi gargaɗi cewa yawan shan abu mai tsananin zafi, sama da digiri 65, na iya jawo dajin maƙoshi. A bari ya ɗan huce. Daɗin daɗawa, ina jan kunnen samarinmu: duk shayin da aka ce an jefa masa taramol ko wata ƙwaya don ƙarin ƙarfin aiki, wannan ya tashi daga shayi ya koma shaye-shaye. Ku san wanda ke dafa muku, ku san abin da ya sa a ciki. Rigakafi ya fi magani.

A nan za mu dakata. Mai wata tambaya ya aiko mana da wasiƙarsa, a rubuta a taƙaice kuma a bayyane. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.