Ƙafar direba ma tana shan mai: yadda taka totur ke cinye ribar mota

A kowace tasha za ka ji wannan gardama. Motoci biyu iri ɗaya, sun ɗauki fasinja daidai wa daida, sun tashi daga Maraɗi sun sauka Damagaram, amma ɗaya ta iso da sauran mai, ɗayar kuwa sai da aka ƙara mata a Takeita. Mai mota ya ce direba na sayar da mai a hanya, direba ya ce inji ne ya gaji, bakanike ya ce man ne aka gauraya. Kowanne na iya faruwa. Sai dai akwai wani ɓarawon da ba a cika tuhuma ba, shi ne ƙafar dama ta direba.

Maganar ta ƙara nauyi tun 2023, lokacin da Najeriya ta janye tallafin man fetur, man ƴan ruwa-ruwa da aka saba samu da araha a bakin hanya ya daina zama mai sauƙi. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. An ji daɗin ragin, amma bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Abin da direba ke iya ragewa ko ƙarawa da ƙafarsa ya fi haka. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin gaggawa, wato fizgar mota, gudu da yawan taka birki, yana rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, a cikin cunkoson gari kuma da kashi 10 zuwa 40.

To, ina man yake tafiya?

Mota tana da nauyi, kuma tayar da nauyi daga tsaye har ya kama gudu shi ne aiki mafi tsada da inji ke yi. Duk wanda ya taɓa tura amalanke cike da buhunan hatsi ya san haka: farkon turawa ne wahala, in ta kama tafiya sai a riƙa dafa ta kawai. Kuma lissafin ba daidai yake hawa ba. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da mota ke buƙata ta kai wannan gudun ya ninka sau huɗu. Wanda ya kai mota kilomita 60 a awa ya zuba mata ƙarfi ninki huɗu na wanda ya tsaya a 30.

Wannan ƙarfin da mai aka saye shi. In ka ɗaga ƙafa ka bar mota ta gangara, tana biyan ka shi da tafiya. In kuwa ka taka birki, ya zama zafi a jikin taya, iska ta kwashe. Shi ya sa za a iya cewa totur ne ke sayen gudu, birki kuma shi ke zubar da shi. Ku dubi ɗan kabu-kabu a cikin gari: ya murɗa wuta, mita ɗari a gaba ga mararraba ko tudun rage gudu, ya danne birki, ya sake murɗawa. Shi da wanda ya tafi a natse tare za su isa bakin kasuwa, amma shi ya biya kuɗin gudun sau uku ko huɗu ya zubar.

Hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ma haka take. Tsakanin Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa akwai ƙauyuka, shingen jami'an tsaro, ranar kasuwa, garken shanu da ke tsallaka kwalta. Direban da ya san hanya yana hango wurin tsayawa tun daga nesa, ya ɗaga ƙafa da wuri, ya iso a hankali. Wanda ke riƙe da wuta har bakin shinge, man da ya ƙona a mita ɗari biyu ko uku na ƙarshe bai ƙara masa komai ba.

Akwai kuma abin da ke faruwa cikin injin kansa. Idan aka danne totur har ƙasa, injin fetur yana zuba mai fiye da wanda iskar da ta shiga za ta iya ƙonewa, don ya ba da iyakar ƙarfinsa kuma kada ya yi zafi da yawa. A tsofaffin motoci masu kabireta akwai wani ɗan famfo da ke fesa ƙarin mai duk lokacin da aka taka totur da sauri. Direbobin da ke da al'adar buga totur "vum, vum" a tasha don kiran fasinja, ko kafin su kashe mota, kowace bugawa feshi ɗaya ne a banza. Mota mai giyar otomatik kuma, in ka danne ta, sai ta koma ƙaramar giya, inji ya hau kuka.

Amma a nan ne wasu ke kuskure, su ɗauka tattalin mai shi ne jan jiki kamar hawainiya. A'a. Ƙaramar giya ita ce mafi shan mai, don inji yana juyawa da yawa, taya na tafiya kaɗan. Wanda ya daɗe a giya ta ɗaya da ta biyu yana lallaɓa mota, shi ma asara yake yi. Abin da ake so shi ne a tashi da matsakaicin ƙarfi, kamar rabin totur, a sauya giya da wuri, a kai gudun da ake so, sannan a riƙe ƙafa wuri ɗaya. In motar na da agogon da ke nuna juyin inji, a sauya giya idan allura ta kai tsakanin 2 da 2 da rabi a motar fetur, a ta gazuwal kuma wajen 2. In babu agogo, kunne ya isa: kada inji ya kai ga ihu, kada kuma a sa babbar giya har mota ta riƙa karkarwa. Mota mai lodi da mai hawa tudu suna son a ɗan ja giya kafin a sauya.

Hanyar rairayi daban ce, kuma mutanen karkara sun fi kowa sani. A can dole a riƙe ƙaramar giya da wuta daidai, don in mota ta kafe, man da za a ƙona wajen fitar da ita ya fi wanda ake neman tattali.

A kan kwalta, idan an kama dogon zango, abokin gaba shi ne iska. Ita ma lissafinta irin na farko ne. Daga kilomita 90 a awa zuwa 120, gudu ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, amma turjiyar iska ta kusa ninkawa biyu. Balle Hiace da aka ɗora wa kaya a sama har ta yi rabin tsayinta. Yawancin ƙananan motoci sun fi tattalin mai a babbar giya tsakanin 60 da 90.

Sai maganar sa mota a firi a gangara, wadda direbobi da yawa suka gada daga iyayen gidansu. A motocin kabireta tana ɗan rage shan mai, amma motocin da kwamfuta ke raba wa mai, waɗanda su ne mafi yawa a cikin na hannu da ake shigowa da su yanzu, akasin haka ne. In mota na cikin giya tana gangarawa, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, kwamfuta tana yanke mai, tayoyi ne ke juya inji. In ka sa firi kuwa, sai an ba inji mai don kada ya mutu. Kashe inji a gangara kuma ganganci ne da rayukan mutane: birki yana yin tauri bayan taka ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi nauyi.

Mu kwatanta da kuɗi. Tsakanin Maraɗi da Damagaram kusan kilomita 240 ne. A ce mota tana shan lita 10 a kilomita 100, lita 24 ke nan. In tuƙin gaggawa ya ƙara mata kashi 20 cikin 100, ta koma wajen lita 29. Lita 5 a kan dala ɗari-ɗari jika biyu da rabi ne, zuwa da dawowa jika biyar. Motar da ke yin wannan hanya sau 20 a wata ta ƙona jika ɗari. Abin da aka saya da su bai wuce isa da wuri da kamar rabin awa ba, shi ma in ba a tsaya a shinge an jira ba.

Ƴan uwa da ke Abijan, Libiya ko Saudiyya da suka aiko kuɗi aka sayi mota ko adaidaita don gida ya riƙa samun na cefane, kafin ku yi rigima da yaron da ke tuƙi a waya, ga gwaji mai sauƙi. A cika tanki har baki, a rubuta lambar kilomita. A yi aikin mako ɗaya yadda aka saba, a sake cikawa a gidan mai ɗaya, a rubuta lita nawa ta sha da kilomita nawa ta yi. Mako na biyu a bi hanyoyin nan dai, amma a tashi a natse, a sauya giya da wuri, a ɗaga ƙafa tun daga nesa, a kashe inji in jiran fasinja zai wuce minti ɗaya ko biyu. A duba iskar taya kafin a fara, don taya mai laushi tana ɓata lissafi. In agogon kilomita ya mutu, kamar yadda yake a motocin tasha da yawa, a ƙidaya sawu: zuwa nawa, dawowa nawa, lita nawa.