Kwanon Yumɓu Da Yaƙi Da Yunwa: Kimiyyar Da Ke Cikin Aikin

Gabatarwa

A shekarar 1990, wani malamin zane-zane da ƙere-ƙere mai suna John Hartom, wanda ke koyarwa a wata makarantar sakandare a jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, ya sa ɗalibansa suka gina kwanukan yumɓu domin tara kuɗin taimakon mayunwata. Aka gayyato baƙi, aka zuba musu miya a cikin kwanukan, aka haɗa da burodi, kowa ya ba da gudummawarsa. Da aka gama ci sai aka ce kowa ya tafi gida da kwanonsa, domin ya riƙa tuna masa cewa akwai ɗimbin mutanen da nasu kwanon babu kome a ciki. Wannan shi ne mafarin shirin da ake kira Empty Bowls, wato "kwanukan da babu kome", wanda Hartom da matarsa Lisa Blackburn suka yaɗa har ya bazu a garuruwan Amurka da wasu ƙasashe.

A wasu wurare gidan ginin tukwane na unguwa ne yakan ɗauki nauyin taron. Yakan buɗe ƙofarsa ga yara da manya, gwanaye da 'yan koyo, kowa ya gina kwano. Kuɗin da aka tara a kai wa cibiyoyin da ke ciyar da mabukata. To, amma mai karatu zai lura da wani abu guda: tsakanin ranar ginin da ranar cin abincin akan sami makonni. Me ya sa kwanon da aka gina cikin sa'a ɗaya ba ya shiga hannun mai shan miya sai bayan wannan dogon jira? Amsar tana cikin halin yumɓu da ruwa da wuta.

Mene Ne Yumɓu?

Yumɓu ragowar dutse ne. Ruwan sama da iska sukan yi dubban shekaru suna cin duwatsu irin na kaurara, har wasu ma'adinan cikinsu su ruɓe su zama ƙasa mai laushi. Mafi shahara daga cikin ma'adinan yumɓu shi ne kawolin, wanda ya ƙunshi silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, da sinadarin alminiyam, da kuma ruwa. Ƙwayoyin yumɓu ƙanana ne ƙwarai, faɗinsu bai kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma siffarsu fale-fale ce kamar takardu.

Wannan siffa ita ce sirrin sarrafuwarsa. Idan aka jiƙa yumɓu, ruwa yakan shiga tsakanin fallayen, sai su riƙa zamewa a kan juna ba tare da sun rabu ba. Alal misali, mai karatu ya jiƙa gilasai biyu ya haɗa fuskokinsu: zai ga suna zamewa cikin sauƙi, amma ɓamɓare su sai da ƙarfi. Shi ya sa yumɓu yake karɓar duk siffar da hannu ya ba shi, ya kuma riƙe ta, abin da yashi ba ya iyawa. Kafin a fara gini akan murtsuke yumɓun sosai, domin damshinsa ya daidaita, iskar da ta maƙale a ciki kuma ta fita.

Bushewa

Da zarar an gama gini, ruwan da ke tsakanin fallayen zai fara tashi, su kuma su matso kusa da juna, sai kwanon ya tsuke. Daga ɗanyensa zuwa gasasshensa yakan rage kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na girmansa. Haɗarin yana nan: idan bakin kwano ya bushe alhali gindinsa na jiƙe, sashe ɗaya zai tsuke ɗaya bai tsuke ba, sai ya tsage. Don haka ake lulluɓe kwanukan da leda, a bar su a inuwa su bushe sannu a hankali. Kwanukan 'yan koyo sun fi bukatar wannan kulawa, domin sau da yawa gindinsu yakan yi kauri fiye da kima.

Wuta Ta Farko

Busasshen kwano har yanzu ƙasa ne. In aka tsoma shi a ruwa zai narke ya koma laka. Wuta ce take sauya shi, kuma mataki-mataki take aikinta a cikin tanderu.

Da zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, ragowar damshi yakan zama tururi. Tururi kuwa yana cin wuri kusan ninki 1,700 na ruwan da ya fito daga gare shi. In an gaggauta wuta, ya rasa hanyar fita, sai kwanon ya fashe, har ya ɓata na kusa da shi.

Tsakanin digiri 450 da 600 ruwan da ke ɗaure cikin sinadarin kawolin kansa yake fita. Nan ne gaɓar da ba a komawa: daga nan yumɓu ya tashi daga zama yumɓu har abada. A daidai digiri 573 kuma ƙwayoyin yashin da ke cikinsa sukan sauya tsari su kumbura farat ɗaya, su kuma tsuke idan tanderu na hucewa. Saboda haka magina suke ratsa wannan mataki a hankali, hawa da sauka. Wutar farko takan tsaya a wajen digiri 1,000.

Abin da ya fito ya yi tauri, amma cike yake da ƙananan kafofi. Wannan hali ne ya sa randa take sanyaya ruwa: ruwan yakan tsattsafo ta kafofin, ya tashi a iska, ya tafi da zafi. To, abin da yake alheri ga randa aibi ne ga kwanon miya, domin mai da romo za su shige kafofin, wanki ba zai fitar da su ba, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya.

Shafen Gilashi Da Wuta Ta Biyu

Maganin wannan shi ne a lulluɓe kwanon da siririn gilashi, irin ƙyallin da ake gani a jikin tangaran. Abu uku ake haɗawa a dama da ruwa a shafa. Na farko silika, wadda ita ce gilashin. Na biyu sinadaran da ke sauƙaƙa narkewarta, irin su farar ƙasa da toka, domin ita kaɗai ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700. Na uku sinadarin alminiyam, wanda ke hana narkakken gilashin kwararewa daga jikin kwano. Launi kuwa daga ƙarafa yake zuwa: tsatsar baƙin ƙarfe ta ba da ruwan ƙasa, jan ƙarfe ya ba da kore, kobal ya ba da shuɗi.

Sai a mayar da kwanon tanderu, a kai zafi digiri 1,200 zuwa 1,300. Shafen ya narke ya zama gilashi, jikin kwanon ma ya haɗe ya toshe kafofinsa. Irin wannan gashi ne Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta koya bayan da a shekarar 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu.

A nan akwai gargaɗi. A da, an daɗe ana sa dalma cikin shafen, saboda tana narkar da shi a ƙaramin zafi, tana kuma ƙara masa ƙyalli. Amma abinci mai tsami, kamar miyar tumatir, yakan jawo dalmar daga jikin kwano zuwa cikin mai ci, ita kuwa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Wajibi ne duk kwanon da za a ci abinci a ciki ya kasance an shafa masa haɗin da babu dalma, an kuma gasa shi har ya nuna.

Kammalawa

Idan aka lissafa kwanakin bushewa, da gashi biyu, da lokacin da tanderu ke ɗauka kafin ya huce kowane karo, za a gane dalilin makonnin nan na jira. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. A wannan sana'a maganar ta kusa zama zahiri. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 673 ne suka yi fama da yunwa a shekarar 2024. Kwanon yumɓu ba zai ciyar da su duka ba. Sai dai gasasshen yumɓu ba ya ruɓewa, har masu binciken tarihi da katangarsa suke gane zamanin mutanen da suka shuɗe. Saboda haka kwanon da baƙo ya tafi da shi gida zai daɗe a gabansa yana yi masa tuni, bayan an manta da ɗanɗanon miyar.