Bututun gas na AKK: Me zai faru idan ƙasa ta motsa?

Najeriya ba ta cikin ƙasashen da girgizar ƙasa ke yi wa ɓarna, amma ƙasarta takan motsa. A watan Satumban 2016 an ji motsin ƙasa a Kwoi da ke Jihar Kaduna, sannan a Satumban 2018 aka ji a Mpape da ke Abuja, har hukumomi suka dakatar da fasa duwatsu a yankin. Abuja da Jihar Kaduna duk suna kan hanyar bututun gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yunin 2020.

Ƙa'idar injiniyoyi ita ce, bututun da ya iya lanƙwasa ya fi wanda ya sandare jure girgiza. A dandalin haƙo mai na cikin teku ana ɗaure injina da tankuna da kyau don kada su zame, a bar wa bututu sararin motsi, a kuma sanya makullai masu datse gas da kansu idan aka samu matsala. Haka ake yi a kan tudu.

An ga amfanin wannan a Alaska ta Amurka a watan Nuwamban 2002, lokacin da girgiza mai ƙarfin maki 7.9 ta gusar da ƙasar da ke ƙarƙashin babban bututun mai da kimanin mita huɗu. Bututun bai fashe ba, domin tun farko an ɗora shi a kan ƙarafan da zai iya zamewa a kansu.

A Kano, wadda ke zaune kan tsohon dutse mai kwanciyar hankali, hatsarin ya fi kusa da hannun mutum. Idan aka zarce da bututun zuwa Nijar da Aljeriya kamar yadda aka tsara, zai ratsa karkarar da gona ke manne da gona. A irin wannan wuri, injin haƙa burtsatse ko ramin ɗibar ƙasar gini na iya raunana bututu, ƙaramin motsin ƙasa ya ƙarasa shi. Saboda haka, wajibi ne a bar filin da aka keɓe wa bututun ba gini ba haƙa, a kuma biya manoma diyyarsu a kan kari, domin su ne idon da zai tsare shi.