Na'urar da ke shinshinar oksijin a cikin tanderun ƙarfe

Giyar babur mai ƙarko da wadda haƙoranta za su cinye cikin 'yan watanni suna iya zama iri ɗaya a ido. Nauyi ɗaya, launi ɗaya, wataƙila ma ƙarfen da aka yanko su ɗaya ne. Sau da yawa bambancin yana faruwa ne a cikin tanderun masana'anta, kuma abin da ke haddasa shi iska ce.

Ƙarfen da ake yin giya da shi ba ya zuwa da tauri sosai. Sai an sa shi a tanderu mai zafin digiri 900 zuwa 950 na tsawon sa'o'i, cikin iskar gas mai ɗauke da sinadarin kabon. Kabon ɗin yana ratsa fatar ƙarfen kamar milimita ɗaya, sannan a tsoma shi a mai ya huce nan take. Bayan ƙarfen ya yi tauri yadda ba zai cinye da wuri ba, cikinsa kuma ya kasance da ɗan laushin da zai hana shi karyewa.

Abokin gabar wannan aiki shi ne oksijin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga baƙin ɓawon da ke zubowa daga jan ƙarfe idan ana dukansa. Aikin oksijin ke nan. A tanderu ɓarnarsa ta fi haka wayo. Idan ya ɗan yi yawa, maimakon kabon ya shiga ƙarfen, sai ya riƙa fita. Giyar za ta fito fes, amma fatarta lagwas. Idan kuma kabon ya wuce kima, kunkunniya ta cika tanderun, ƙarfen ya riƙa ɓantarewa.

To yaya ake auna iska a wurin da hannu ba ya shiga? Da wani dogon sanda da ake sokawa ta jikin bangon tanderun. A bakinsa akwai tangaran na musamman mai suna zakoniya. Idan ya ɗauki zafi fiye da digiri 600, yana barin oksijin ya ratsa jikinsa ɗauke da cajin lantarki. Ta cikin sandan ana hura iskar waje, wadda kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne. Ta bayansa kuma iskar tanderu ce ke shafarsa. Bambancin gefen biyu shi ke haifar da lantarki, wato sandan ya zama ɗan ƙaramin batir. Abin da yake bayarwa bai wuce volt 1.2 ba, ko batirin rimot bai kai ba. Duk lokacin da oksijin ya ragu a tanderu, lantarkin ƙaruwa yake yi.

Adadin oksijin da ake magana a kai ya kusa zama babu: bai kai kashi ɗaya cikin biliyan sau biliyan ba. Amma daga wannan da kuma zafin tanderun kwamfuta ke lissafa yawan kabon da iskar za ta iya bai wa ƙarfe, ta ƙara gas ko ta ƙara iska da kanta. Lissafin na wani Bajamushe ne, Walther Nernst, wanda ya samu kyautar Nobel ta ilmin sinadarai ta shekarar 1920.

Masu mota sun san ƙanin wannan na'ura ko da ba su san sunan zakoniya ba. Sensar oksijin da ke jikin salansa, wadda kan kunna fitilar gargaɗi a gaban direba idan ta lalace, da wannan dabarar take aiki. Kamfanin Bosch ne ya fito da ita, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Masu waya ma abin ya shafe su, domin ƙananan ƙarafan da ke cikin mahaɗin wayoyi masu naɗewa galibi daga garin ƙarfe ake gasa su, a tanderun da aka kori oksijin daga cikinsa.

Sai dai sandan yakan yi ƙarya. Kunkunniya na taruwa a bakinsa, sai ya nuna kabon ya yi yawa alhali bai yi ba. Kwamfuta ta yarda da shi, ta rage gas, kaya su fito da laushi, allon kuwa yana nuna komai lafiya. Shi ya sa ake hura masa iska lokaci-lokaci don ta ƙone dattin. Masana'antun da suka san abin da suke yi ba sa tsayawa nan. Sukan sa siririn fallen ƙarfe a tanderun na ɗan lokaci, su fito da shi su auna kabon ɗin da ya sha, su kwatanta da lambar da ke kan allo. Idan lambobin biyu suka saɓa, fallen ƙarfen ake gaskatawa, a gyara saitin na'urar ko a sauya sandan.