Barkono da Danginsa a Gidan Bahaushe

Matar da ta tsaya gaban mai kayan miya a kasuwar 'Yankaba ta Kano ta ce a ba ta barkono, tambayar farko da za ta ji ita ce, "Hajiya, na miya ko na daka?" Tambayar tana kan hanya, domin dangin suna da yawa kuma kowa da aikinsa. Attaruhu shi ne ɗan kumburarren nan mai ƙamshi, wanda biyu ko uku sun ishi tukunya. Tattasai babba ne amma ba shi da faɗa, aikinsa ya ba miya ja da kauri. Shambo dogo ne, yajinsa tsaka-tsaki. Tsidugu kuwa shi ne autansu a jiki, babbansu a zafi. Wanda uwargida ke kira barkono kai tsaye shi ne busasshen nan ja da ake aunawa a gwangwani ko a mudu, a kai shi turmi.

Duk da wannan zama daram da ya yi a madafi, barkono baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalinsa nahiyar Amurka, kuma sai bayan 1492 jiragen ruwan Turawan Fotugal suka fara sauke shi a gaɓar Afirka. Ke nan lokacin da aka kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, babu jan barkono a faifan kowa. Masoro da kimba da citta mai 'ya'ya, waɗanda fatake ke haurowa da su daga kurmin kudu, su ne ke ƙona harshe a wancan zamani, tare da kanumfari da ke zuwa daga nesa. Da baƙon ya iso bai kori kowa ba. An haɗa shi da tsofaffin, aka kira taron nasu kayan yaji.

Inda darajar kayan yaji ta fi fitowa shi ne gidan haihuwa. Tun ciki ya tsufa maigida ke fara tara itacen wankan jego da gero da kanwa, kuma in ya manta da kayan yaji, iyayen matar ba za su manta masa ba. Kwana uku ko huɗu bayan an sauka lafiya, ranar da ake dafa ƙauri, sai 'yan uwa da maƙwabta su taru a tsakar gida. An riga an shanya barkono ya bushe ƙarau, an tsince hancinsa. A zuba shi a turmi da citta da masoro da kimba da kanumfari da gishiri, wasu su ƙara daddawa ko tafarnuwa. Mata biyu ko uku su kama taɓare suna lugude, kowacce ta ja gefen mayafi ta toshe hanci, yara na atishawa ana kora su waje. In ya daku a tankaɗe a rariya, tsakin a mayar turmi, a sake bi. Wata dattijuwa ce ke ɗanɗanawa, ta lakato da yatsa ta ce, "Ƙaro gishiri, 'yar nan, har yanzu barkonon ya fi ƙarfi."

Wannan shi ne yajin jego. Mai jego za ta yi ta barbaɗa shi a tuwo da romon ƙauri da gasasshen nama har ta yi arba'in, bisa imanin cewa yana korar sanyi, yana buɗe mata ciki ta ci abinci, nono ya zo. Ana kuma ƙulla shi a rarraba wa waɗanda suka zo barka da 'yan suna, ta yadda gidan da bai samu ba yana iya ƙorafi. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego da yawan shan kunun kanwa da tsananin gasa jiki. Gargaɗin ya cancanci a saurare shi, kuma gidaje da yawa sun rage kanwar. Dakan yaji dai yana nan, kuma ya kamata ya zauna, don a ranar ne mai jego ke ganin adadin hannayen da suka tsaya mata.

A waje kuma yaji na mahauta ne. Nasu ya sha bamban da na jego domin ƙuli-ƙuli ne gindinsa, shi ke riƙe barkono da citta a jikin tsire ya hana wuta ƙona naman. Kowane mai tukuba yana da haɗinsa da ba ya faɗa wa kowa. Da wannan garin mahautan Hausa suka bi duniya: suya a Legas, cicinga a Akara, soya a Duwala, agashe a Sudan. A gida kuwa, garau-garau da ɗanwake da awara da dafaffen rogo duk mai da yaji ne ke tashinsu.

Zafin nan ya wuce tukunya ya shiga zance. Matar da miji ya ɓata wa rai ta kwashi kayanta ta tafi gidansu, an ce ta yi yaji, sai an bi ta biko. Ma'aikata suka ari wannan, shi ya sa da malaman jami'o'in Najeriya suka rufe azuzuwa wata takwas a 2022, kowace rediyo yajin aiki take kira. Hayaƙin da 'yan sanda ke harbawa don tarwatsa taro kuwa, sunansa a bakin jama'a barkonon tsohuwa, kuma duk wanda ya taɓa shaƙar barkono a garwashi ya san dalili.

Ga wasu kuma barkono shi ne abincin shekara. A jihar Difa ta Nijar, manoman bakin kogin Komadugu Yobe sun daɗe suna noman tattasai da ban ruwa, su shanya shi a ƙasa fili ya yi jawur, su ɗura a buhuna a kai kasuwannin Najeriya. A 2015 hukumomin Nijar suka hana cinikinsa saboda zargin cewa 'yan Boko Haram na karɓar haraji a kansa, aka kuma taƙaita sayen takin zamani da man injin ban ruwa. Dubban iyalai suka rasa madogara, wasu suka bar gonakinsu suka koma sansanin 'yan gudun hijira. An sassauta dokar daga baya, amma manoma da yawa sun ci gaba da tsoron zuwa gonakin da ke daf da kogin.